Sarauniya ta zo a 1956: mun riƙe hoton dawaki, mun manta da masu alli

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk shekara da Fabrairu ta kama sai hotunan zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956 su cika mana waya. Dawaki, 'yan lifidi, 'yan sulke, masu kakaki, ga Sarauniya da mijinta a rumfa. Ni ba na ƙin hotunan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba mai faɗin ko su wane ne ke riƙe da gwamnati a lokacin da ta zo. Malaman makaranta ne. Sardauna, wanda shi ne Firimiya, Kwalejin Katsina ya yi daga 1926 zuwa 1931, ya koma ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda yake minista a Ikko, ya gama Katsina a 1933, ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta. Aliyu Makaman Bida hedimasta ne a Bida kafin ya zama ministan ilimi a 1952. Isa Kaita da Kashim Ibrahim su ma alli suka fara riƙewa. Kuma Kwalejin Katsinan nan don horon malamai aka gina ta. To me ya sa muka adana doki muka yar da alli?

Nura:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ai hoto abin da ya ɗauki ido yake bi. Wa zai tsaya ɗaukar ɗalibi da gajeren wando alhali ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ga Shehun Borno, ga Sarkin Kano Sanusi, ga Sarkin Katsina Usman Nagoggo, duk a fili ɗaya? Wasu mahayan makonni suka yi a hanya kafin su iso Kaduna. Wannan hawan daba abin alfahari ne, kada a rage masa daraja don a ɗaga ta malamai.

Malam Sabi'u:
Nura, ban rage masa komai ba. Cewa na yi labarin bai cika ba.

Abban Khalifa:
Bari in ɗan tsara ziyarar don matasa su bi mu. Ta sauka Ikko ranar 28 ga Janairu 1956, ta bar ƙasar ranar 16 ga Fabrairu. Gwamna Janar shi ne Sir James Robertson, Gwamnan Arewa kuwa Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda mutanenmu suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe. A farkon Fabrairu aka yi hawan daba a filin sukuwa na Kaduna, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala. Ta shiga Lugard Hall wurin 'yan majalisa da sarakuna, ta huta a Jos, a ƙarshe ta ya da zango a Kano. A ziyarar ne aka ƙara wa rundunar sojan Najeriya sunan Sarauniya. Hawan daba don baƙon gidan sarautar Ingila kuwa ba a kanta aka fara ba, an yi wa baffanta, Yariman Wales, a Kano a 1925.

Kwamared Lawal:
Ku duba shekarar da kyau. 1956. Ita ce fa shekarar da Anthony Enahoro ya nema a ba Najeriya mulkin kai, a ƙudurin da ya kawo majalisa a Maris 1953. Sardauna ya ce a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano. Me ya sa suka ce ba su shirya ba? Don ba mu da ma'aikata. Ba mu da ma'aikata don ba mu da makarantu, ba mu da makarantu don ba mu da malamai. A Janairun 1955 Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta. Mu kuwa bayan shekara ɗaya muka tara dawaki muka nuna wa Sarauniya. Abin da muke da shi ke nan da yawa, shi muka nuna. Bature ya yi shekara hamsin da wani abu a ƙasar nan, ya bar mu da hannu rabbana a fannin boko, kuma da gangan ya yi.

Nura:
Kwamared, komai sai ka ce Bature. Iyayenmu fa? Dogarai ake aikawa su kamo yara zuwa elementare. A garinmu akwai waɗanda aka ɓoye a rumbu. Wani mai gari ɗan baransa yake turawa a madadin nasa.

Kwamared Lawal:
Duka biyun gaskiya ne, amma wa ke da baitulmali? Makarantar Baturen nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, a Nasarawar Kano 1909 aka buɗe ta. Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Ka lissafa faɗin Arewa, ka lissafa yawan jama'arta, sannan ka gaya mini kwaleji guda mai ɗaukar 'yan ƙalilan a shekara za ta wadatar. An hana 'yan mishan shiga masarautu, na yarda da dalilin, to sai a cike gurbin da kuɗin harajin talaka. Ba a cike ba. Kuma iyaye ba su ƙi ilimi ba, makarantun allo cike suke. Ilimin wanda ya ci su da yaƙi suka yi wa kallon tsoro.

Zainab:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni dai mai karatu ce kawai a nan, amma yau na karanta wa kakana wannan muhawara, ya ce in rubuta abin da zai faɗa. Ya haura tamanin da biyar, idonsa ya yi rauni amma kansa garau. Yana cikin ɗaliban da aka kai Kaduna. Ga maganarsa yadda ya faɗa:

"Ki ce musu ina gaishe su. Lokacin ina kwalejin horon malaman elementare, wadda ake fita da Giredi Tiri. Tun kafin sanyi ya kankama labari ya zo cewa za a zaɓi wasu a cikinmu su je taryen Sarauniya. Daga ranar kullum da yamma sai maci a filin ƙwallo, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama shi ke ba mu oda. Aka koya mana taken Ingila har muna yinsa cikin barci. Da aka ce Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, zai zo ya ga shirinmu, sai aka raba mana bokiti da farar ƙasa, muka shafe duwatsun bakin hanya da gindin kowace bishiya. Bangon da ke kallon hanya aka shafa, na baya aka bar shi, rijiyarmu da bakinta ya zube kuwa ba wanda ya taɓa ta. Wannan ya tsaya mini a rai, don mu ake koya wa cewa malami ba ya ha'inci.

"Kayanmu farare ne, riga da gajeren wando. Muka wanke da sabulu, muka sa bula, muka goge da dutsen guga na gawayi, kowa yana hura wuta yana kaffa-kaffa kada toka ta faɗa a kan riga. Wanda ya yi wayo ya naɗe kayansa a takarda ya sa tsofaffi a hanya. Wanda bai yi ba, kafin lori ta kai Kaduna ya koma ja wur saboda ƙura, sai da ya sake wanki cikin dare a wannan sanyin. A ajin wata makaranta muka kwana a kan tabarmi. Da asuba aka jera mu a bakin titi, kowa da 'yar tuta a hannu, leɓe duk ya tsage da hunturu. Muka tsaya har rana ta ɗaga. Da motar ta zo, abin da na gani shi ne hannu da farar safa yana ɗagawa, sai ta wuce. Ban ga fuskarta sosai ba sai daga baya a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

"Amma akwai malaminmu, shi ma tsohon ɗalibin Katsina ne, yana tsaye a bayanmu. Da motocin manyanmu suka biyo baya sai ya ce, ku kalli waɗancan da kyau, yawancinsu aikin da kuke koya shi suka fara yi. Wannan maganar ita na kawo gida, ba tutar ba."

Maman Ummi:
Allahu Akbar. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zainab, tambaye shi da suka koma makaranta me aka yi?

Zainab:
Ya ce nan ne ma aikin yake. Kowa sai da ya rubuta labarin tafiyar da Turanci aka gyara da jan biro. Sannan aka ce kowa ya mayar da shi darasi da Hausa, ya koyar da shi ga 'yan aji biyu a makarantar gwaji da ke jikin kwalejin. Yaran ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba, balle su san inda Ingila take. Ya ce sai ka rubuta shirin darasi tukuna: me yaro ya riga ya sani, me kake so ya sani kafin a kaɗa ƙararrawa, da me za ka nuna masa, wace tambaya za ka yi masa. Malami ya sa hannu, sannan ka shiga aji. Shi kuma ya zauna a benci na ƙarshe da littafinsa yana rubuta komai, har yadda ka tsaya a gaban allo, ko ka ba yara baya kana magana, ko rubutunka ya karkace, ko ka bar na lungu yana gyangyaɗi. Ya ce wani abokinsa ya zana taswira a ƙasa da tsinke, ya sa dutse a matsayin Kaduna, ya sa yara suka taka daga garinsu zuwa can, shi ya fi kowa maki.

Malam Sabi'u:
Kun ji ko? Wannan shi ne abin da nake nufi. Mota ta wuce cikin ƙiftawar ido, amma kwaleji ta mayar da ita darasi. 'Yata Zainab, ki gaishe mana da Baba, ki ce ɗansa Sabi'u yana neman addu'a.

Kwamared Lawal:
Ina girmama Baba, kuma ku lura da abin da ya faɗa game da bangon baya da rijiya. Har gobe haka muke taryen manya. Sannan kada a ɗauka malaman wancan zamani duk 'yan amshin shata ne. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci, ya je Landan karatun koyarwa, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru, wadda ke cikin Zamfara a yau. Daga can ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa NEPU. Sa'adu Zungur ma ta Katsina ya bi. Shi kansa Tafawa Ɓalewa, a 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, abin da sarakuna da yawa ba su ji daɗinsa ba. Masu mulki da masu adawa duk daga aji suka fito. Kuma in da malami yana cikin daula a lokacin, da ba a kafa ƙungiyar neman haƙƙinsa ba.

Abban Khalifa:
Wannan gaskiya ne. Ƙari kaɗan: Kwalejin Katsina ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Kafin ta bar Katsina ma ta fara sauya fasali daga horon malamai zalla. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a Katsina, wanda bai taɓa zuwa ba ya daure ya je. Abubakar Imam ma can ya yi, ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya kama aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ta ɓangaren Arabiyya kuma akwai Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda aka tura wasu ɗalibanta Bakht er-Ruda a Sudan su koyo dabarun koyarwa, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi.

Isufu Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ba Sarauniya ta zo mana ba, amma labarin malamai iri ɗaya ne. Jagororin siyasarmu Diori Hamani, Boubou Hama da Djibo Bakary duk sun bi ta makarantar William Ponty a Senegal, duk sun koyar. Diori har Faransa ya je ya koyar da Hausa da Zabarmanci. Nasara, na Ingila ne ko na Faransa, ƙofa ɗaya ya buɗe wa baƙar fata da faɗi, ta malanta, don yana buƙatar wanda zai horar masa da akawu. Ta wannan ƙofar aka fito aka karɓe mulki a hannunsa.

Nura:
To a nan nake da ja. In ƙofa ɗaya ce a buɗe, ashe ba son koyarwa ya kai su ba, rashin zaɓi ne. Shi ya sa da siyasa ta buɗe duk suka bar aji. Sardauna shekara nawa ya yi yana koyarwa kafin ya zama hakimin Rabah? 'Yan kaɗan. Shehu Shagari ya daɗe, har hedimasta ya yi a Argungu, amma shi ma ya tafi. Kuna yabon malamai, amma misalanku duk waɗanda suka gudu daga aji ne.

Malam Sabi'u:
Ka kawo magana mai nauyi, Nura, ba zan kauce mata ba. Hakika mafi ƙwazo da yawa sun tafi, kuma tafiyarsu ta bar giɓi a daidai lokacin da ake neman malamai ido rufe. Amma ka tambayi kanka wa ya zauna. Irin su kakan Zainab ne suka zauna, dubbai, ba mai sanin sunansu sai ɗalibansu. Horon da ya sa wancan ya iya tsayawa a majalisa ya jera hujja, shi ne dai horon da wannan ya shiga da shi ƙauye. Ni abin da nake kare wa horon ne, ba sunaye ba.

Hajiya Rabi:
Na yi shiru ina jinku, duk maganar maza kuke yi. A shekarar zuwan Sarauniyar aka buɗe makarantar 'yan mata mai sunanta a Ilori, kuma ku tambaya 'yan mata nawa ne daga ƙasar Hausa suka kai matakin shiga. Uba ba zai ba da 'yarsa ga malami namiji ba, malamai mata kuwa babu, to ta ina za a fara? Kwalejojin mata irin ta Kano su suka fasa wannan ƙulli a hankali. Ni Giredi Tu na yi, shekara biyar a makarantar kwana, na yi ritaya ina shugabar firamare. Abin da Baba ya faɗa na malami a benci na ƙarshe, ni ma na same shi. Ba lissafi da Turanci kaɗai ba, an koya mana yadda ake yin kayan koyarwa da kwali da murfin kwalba, yadda ake cika rajista, yadda ake gane yaron da bai karya kumallo ba.

In kuna neman inda abin ya fara kwancewa, ku duba 1976. Da aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ambaliya, aka shiga horon gaggawa, wanda bai gama gane karatu ba aka ba shi aji. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don a riƙa cike giɓin daga nesa. Niyya mai kyau ce. Daga baya kuma aka ce NCE, wadda ake samu a kwalejin ilimi bayan sakandare, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, aka rufe Giredi Tu, kwalejojin aka mayar da su sakandare. Ni a ganina nan aka yi asara babba. Mun samu takarda mai girma, mun rasa mai koya wa ɗan shekara shida rubuta baƙi.

Abban Khalifa:
Hajiya, NCE ɗin asali ba don firamare aka ƙirƙiro ta ba. Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 kan ilimi mai zurfi aka buɗe manyan kwalejojin malamai, irin ta Zariya a 1962, don ƙananan azuzuwan sakandare. Shi ya sa ɗalibi ke ƙwarewa a darussa biyu. Da aka ɗora mata nauyin firamare sai rigar ta zo ba daidai jiki ba.

Sadiya:
Mama Hajiya, ni ɗalibar NCE ce, ajin ƙarshe, kuma maganarki ta taɓa ni. Amma ku yi mana adalci. Yawancin 'yan ajinmu ba koyarwa suka nema ba, makin JAMB ne bai kai na jami'a ba. A lacca muna da yawa har wasu a taga suke tsayawa. Da na je koyarwar gwaji, mai duba ni bai zauna ya ga darasin har ƙarshe ba, ya sa hannu ya wuce wata makarantar don ɗalibai da yawa ke jiransa. Ni ina son aikin, wallahi ina so. Amma in na faɗa a gida sai a ce Allah ya kawo miki wanda ya fi.

Kwamared Lawal:
Ga shi nan. Sannan a 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki. Kowa ya zagi malamai. Ba wanda ya tambayi wa ya ba su takarda, wa ya ɗauke su aiki, wa ya riƙe albashinsu.

Nura:
Amma Kwamared, ɗanka za ka ba wanda ya kasa amsa tambayar 'yan aji huɗu?

Kwamared Lawal:
Ba zan ba shi ba. Amma korarsa ba ta haifar da wanda ya iya. Kwaleji ke haifarwa.

Hajiya Rabi:
Sadiya 'yata, kada ki bari a kashe miki gwiwa. Abin da mai dubawa bai yi miki ba, ki nema da kanki. A makarantar da aka tura ki, ki nemi tsohuwar malama mai Giredi Tu in akwai saura, ki roƙe ta ta zauna a bayan ajinki ta gaya miki gaskiya. Kuma kada ki shiga aji ba shirin darasi a rubuce, ko da ba mai dubawa.

Zainab:
Anti Sadiya, na karanta wa Kaka maganarki. Ya ce ki ɗauki hoton shirin darasinki guda ɗaya ki turo mini ta akwatin sirri, in karanta masa, zai gyara miki. Ya ce ki zaɓi na lissafin aji ɗaya ko aji biyu, kuma ki rubuta yawan yaran ajin da ko suna da benci, don gyaran ya danganta da hakan.

Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa Baba da alheri. Ajin yara sun fi ƙarfin bencin, rabi a ƙasa suke zama. Darasin tarawa zan turo, in sha Allahu bayan sallar isha'i.